Sabunta shafin farko na manhajar hannun jari: wanne tsari za ka ɗauka cikin huɗun nan?

Idan kana da manhaja mai nuna bayanan kasuwar hannun jari, ko kuma kai aka ɗora wa aikin gyara ta, kun zo kan shafin farko kun cije, wannan yana cewa a sa labarai a sama, wancan yana cewa a'a farashi dai, oga kuma yana so a cusa komai da komai wai kada a ce ba mu da shi, toh zauna mu warware. Tsari huɗu ne ake ta kewayawa a kansu, duk manhajar da ka sani ko dai ta faɗa cikin ɗaya ko ta gauraya biyu: jerin sa ido, wato kamfanonin da mutum ya zaɓa da kansa yana bibiya, allon kasuwa gaba ɗaya, labarai a gaba, sai jakar jarin mutum a gaba.

Abubuwan da za mu auna su da shi

Na farko kuma uban sauran, wace tambaya mutum ya shigo da ita, kuma daƙiƙa nawa zai yi kafin ya ga amsa. Wanda ya kira dillalinsa a Dawanau ba hira yake nema ba, "nawa buhun masara yau?" shikenan, in an amsa masa sai a gaisa da kyau. Mai buɗe manhajar hannun jari ma haka yake, yawanci yana tsaye ne a layi ko yana cikin adaidaita, ya leƙa ya rufe.

Na biyu kuɗi, kuma kuɗin nan kashi biyu ne, akwai na gini akwai na ciyarwa. Mutane suna tsayawa kan nawa mai zane zai karɓa a Figma, manhajar zana fuskar shafuka, da nawa mai kodin zai karɓa, alhali wannan sau ɗaya ake biya. Wanda ke cin mutum shi ne na wata-wata: lasisin bayanan kasuwa, kuɗin saba, wato kwamfutar da ke riƙe bayanan manhajar tana aika wa wayoyi, albashin wanda zai riƙa zuba abu a shafin. Farashin kai tsaye ba kyauta ba ne, kasuwanni sayar da shi suke yi, shi ya sa manhajoji da yawa na kyauta suke nuna farashi mai jinkirin mintuna 15 ko fiye.

Na uku ƙarko, wato shekara nawa tsarin zai yi kafin a sake rushe shi. Zai iya ɗaukar ƙarin kamfanoni? In gobe kun ce za ku ƙara kasuwar BRVM ta Abidjan saboda 'yan uwa na Nijar, ko ta Ghana, zai shiga ko sai an fasa komai? Na huɗu sauƙi, ga sabon shiga da kuma ga wayar da ke hannunsa, don mafi yawan masu amfani da manhajarka ba iPhone suke riƙe da ita ba, Tecno ce da Infinix da itel, wasu ram ɗin giga 2 ne kacal, ga data ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025. Na biyar haɗari: shafin zai iya yaudarar mutum? Zai iya tura shi yin ganganci da kuɗinsa? Zai tona masa asiri?

Jerin sa ido a gaba

Wannan shi ne irin na manhajar Stocks da ke zuwa a iPhone: ka buɗe, ka ga layi-layi na kamfanonin da ka zaɓa, kowanne da farashinsa da yadda ya motsa. Amsar tambaya a nan take take, babu latsa komai.

Bari mu kalli layi ɗaya da kyau don a nan aikin yake. A hagu lambar kamfani, a ce DANGCEM, ƙarƙashinta da ƙananan haruffa Dangote Cement. Kada ka yarda wani ya ce a cire cikakken sunan don a samu wuri, tsohon hannu ya san MTNN da AIRTELAFRI da JAIZBANK, amma wanda ya fara jiya bai sani ba, zai zata wani lambar sirri ce. A dama farashi da manyan lambobi, ƙarƙashinsa canjin yau, da alamar ƙari ko ragi da 'yar kibiya, ba kala kaɗai ba, saboda akwai mutane da dama musamman maza da idonsu ba ya bambance ja da kore sosai, ga kuma rana in ta haska gilashin waya kala duk gushewa take yi. A can sama kuma a rubuta ƙarfe nawa aka ɗauko farashin nan da ko akwai jinkiri. Wannan ɗan rubutun lokacin ƙarami ne amma shi ne mutuncin manhajar, mutum ya ga farashi ya kira dillali a ce masa ai tuni ya wuce nan, daga ranar ya daina yarda da ku.

Kuɗin gini shi ne mafi sauƙi cikin huɗun, jeri ne kawai, kayan gina manhaja irin su Flutter ko React Native duk sun iya shi ba wahala. Na ciyarwa ma da sauƙi, don farashin kamfanoni goma ko sha biyar kake jawowa ba na kasuwa duka ba, kuma in farashin mai jinkiri ne ba ka buƙatar buɗaɗɗen layi da saba kowane lokaci, ka jawo duk bayan ɗan lokaci ko in mutum ya ja shafin ƙasa. Ƙarko kuwa ba a magana, wannan tsarin ba ya tsufa, ka ƙara kasuwa ta biyu sai dai ka sa alamar kuɗi, naira ko sefa ko sidi, a gefen farashi.

Lam'arsa ɗaya babba ce: ranar farko. Sabon mutum ya sauke manhaja ya buɗe ya tarar da fili fetal da rubutun "ƙara kamfani", wallahi da yawa daga nan suke juyawa. Maganinsa a cika masa tun farko da manyan kamfanoni biyar ko shida ya goge wanda ba ya so, ko a tambaye shi tambaya ɗaya, bankuna, siminti, sadarwa, ko waɗanda suka dace da shari'a? Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga mutanenmu, tambayar farko da da yawa ke yi kenan kafin su sa ko kwabo, kuma ba sai kun zauna kuna yanke fatawa ba, akwai ma'aunin NGX Lotus Islamic Index na kasuwar hannun jari ta Legas, wato NGX, tun 2012, sai ku jingina da shi ku faɗi cewa daga nan kuka ɗauko. Wata lam'ar ƙarama, Asabar da Lahadi da ranakun hutu jerin a daskare yake, dole a rubuta "kasuwa a rufe take" ƙarara kada a zata manhajar ce ta lalace.

Allon kasuwa gaba ɗaya

Shi ne wanda ogogi suka fi so don yana da kwarjini a wajen nuna wa masu zuba kuɗi. A sama babban ma'aunin kasuwa, All-Share Index, da zanen hawa da saukarsa, sannan waɗanda suka fi tashi yau, waɗanda suka fi faɗuwa, waɗanda aka fi ciniki, jimillar darajar kasuwa, wani lokaci har da farashin dala da ɗanyen mai da zinare. Yahoo Finance da Investing.com duk suna da wannan ɗabi'ar.

Alherinsa ba ya taɓa zama fanko, sabo da tsoho duk suna da abin kallo tun daƙiƙar farko. Ga ɗan jarida, ɗalibin tattalin arziki, ma'aikacin kamfanin dillanci, wannan shi ne daidai. Amma ga mai hannun jari a kamfani uku, ka amsa masa tambayar da bai yi ba. Ma'aunin nan da aka fara shi da 100 a Janairun 1984 ya haye 100,000 a Janairun 2024, abin sha'awa ne, sai dai nauyin kowane kamfani a cikinsa gwargwadon girmansa ne, don haka Dangote Cement, MTN Nigeria, Airtel Africa, BUA Foods da ire-irensu in suka motsa sai su ja shi duka. Sai ka ga allo kore shar, mutum ya ji daɗi, ya latsa ya shiga nasa ya tarar duk ja ne.

Inda na fi jin tsoronsa shi ne jerin waɗanda suka fi tashi. A kasuwar Legas akwai iyakar kashi 10 da farashi zai iya hawa ko sauka a yini, a BRVM kashi 7.5 ne. Yi lissafi: hannun jarin da ake sayarwa kwabo 50, in ya ƙara kwabo 5 kacal ya cika kashi 10, ya haye saman jeri. Kenan kusan kullum ƙananan kamfanoni masu arha, waɗanda wani lokaci in ka saya samun mai saye a hannunka ma aiki ne, su za su riƙa zama a wuri mafi daraja na shafinka da koren launi suna kiran mutane. Ba ka ce wa kowa ya saya ba, amma ka nuna masa da yatsa. In dole sai an sa jerin, a sa yawan cinikin da aka yi a gefen kowanne, kuma a sauke shi ƙasa.

Kuɗin gini matsakaici zuwa mai yawa, don kowane akwati aikinsa daban, gwajinsa daban. Na ciyarwa ya fi na jerin sa ido nesa, kana buƙatar bayanan kasuwa duka, in kuma ka ƙara dala da mai da zinare kowanne da inda ake sayo shi. A ƙaramar waya shi ne ya fi nauyi, akwati shida suna lodi lokaci ɗaya, sabis ya ɗan yi ƙasa sai ka ga uku sun fito uku suna ta juyawa. Ƙarkonsa kuma yana da wata cuta, kowane sashe na kamfani zai zo yana roƙon a ba shi akwatinsa, bayan shekara shafin ya koma jibge, a sake kiran mai zane.

Labarai a gaba

A takarda yana da kyau: mutum ya buɗe ya ga abin da ke faruwa, ya daɗe yana karatu, talla ta samu wurin zama. Kuma shi kaɗai ne ke da rai ranar da kasuwa ke rufe. In manhajarka da Hausa take, a nan ma akwai gurbi na gaske, don sanarwar da kamfanoni ke aika wa NGX, sakamakon wata uku-uku, rabon riba, taron shekara, dukkansu da Turancin akantoci suke fitowa a PDF, wanda zai zauna ya mayar da su layi uku na Hausa mai daɗi ya yi wa jama'a aiki.

Amma ka gane, ranar da ka zaɓi wannan ka zama gidan jarida. Ginin ba tsada, ciyarwar ce mafi tsada cikin huɗun, don mutum take ci ba saba ba, kullum sai an rubuta, an tace, an duba lambobi. Kwashe labaran wasu ka liƙa kuwa rigimar haƙƙin mallaka ce. In marubucinku ya yi tafiya kwana uku, shafin farko ya nuna labarin makon jiya, manhajar ta yi kama da wadda aka yi watsi da ita ko da farashin cikinta sabo ne fil. Hotuna kuma suna shan data. Sai babban haɗarin: tsakanin "kamfani kaza ya sanar da riba" da "ku sayi kamfani kaza" tazarar ba yawa, kuma ba da shawarar zuba jari sana'a ce da sai da rajistar hukumar SEC mai sa ido kan harkar hannun jari. Jita-jitar guruf-guruf na WhatsApp in ta samu hanyar shigowa shafinku, da sunanku za a yi asara.

Jakar jari a gaba

Babbar lamba a sama, jimillar abin da ka mallaka, da zanen yadda take hawa da sauka, irin na Robinhood ta Amurka. Babu tsarin da ya kai shi jan mutum ya dawo, kuɗinsa ne ai. Sai dai akwai abin da ake mantawa: Robinhood dillali ce, a wajenta ake saye da sayarwa, ta san abin da kowa ke da shi ba tare da ta tambaya ba. Manhajar bayanai zalla ba ta sani ba. Ko dai mutum ya zauna ya shigar da kowane saye da hannu, guda nawa, a nawa, yaushe, wanda kaɗan ne za su jure, ko ku nemi haɗin gwiwa da dillalai ko CSCS inda ake ajiye rajistar hannayen jari, wannan kuwa magana ce ta yarjejeniya da lauyoyi da watanni.

Lissafin ma ba wasa ba. Kamfani ya ba da kyautar ƙarin hannun jari, ko aka rage farashi ranar da aka cire rabon riba, in manhajar ba ta gane ba sai ta nuna wa bawan Allah ya yi asara alhali ribarsa tana hanyar zuwa asusunsa. Kuskure a farashin jeri abin haushi ne, kuskure a jimillar dukiyar mutum kuwa hawan jini ne. Ga sirri: kun fara riƙe bayanan dukiyar mutane, dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kanku, dole kulle da yatsa ko lamba, dole 'yar alamar idon nan ta ɓoye adadi kamar yadda manhajojin banki suke yi, don ba wanda yake so ya buɗe waya a majalisa na kusa da shi ya karanta masa abin da ya tara. Kuma ganin lambar tana rawa kullum yana sa mutum saye da sayarwa ba dalili, ita kanta Robinhood sai da ta cire ruwan takardun murnar nan da take watsawa a fuskar waya a 2021 bayan an yi ta sukar ta da mayar da zuba jari kamar wasan gem.

Ga su a tebur

| Tsari | Kuɗin gini | Kuɗin ciyarwa | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Jerin sa ido | Kaɗan | Kaɗan | Sosai | Sosai, in an cika shi tun farko | Fanko ga sabon shiga |
| Allon kasuwa | Matsakaici zuwa mai yawa | Mai yawa | Yana cunkushewa | Nauyi a ƙaramar waya | Tura mutane ga masu tashin yini ɗaya |
| Labarai | Kaɗan | Mafi yawa | Iya ƙarfin marubuta | Da sauƙi, amma yana shan data | Tsohon labari, jita-jita, shawara ba lasisi |
| Jakar jari | Mafi yawa | Matsakaici | Sosai in lissafi ya tsaya | Wahalar shigar da bayani | Kuskuren lissafi, tonon asiri |

Wani zai ce to me zai hana a bar kowa ya jera akwatunansa yadda yake so? Ana yi, amma kada ka ɗauka ka tsere wa zaɓi, mafi yawan mutane ba sa taɓa saitin, yadda ka ba su haka za su bar shi, don haka tambayar me zai zauna a sama tana nan daram, ka dai ƙara wa masu gwaji aiki ne.

Abubuwan da ba ruwansu da wanda ka zaɓa

Wurin latsawa kada ya gaza 48dp a Android, 44pt a iPhone, wato ma'aunan girman abu a fuskar waya, haka Google da Apple suka shimfiɗa. Bambancin hasken rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1. A ajiye farashin ƙarshe a cikin waya yadda ko babu sabis mutum zai ga wani abu, da lokacinsa a rubuce. In za ku nuna kasuwannin Asiya ku tuna a Chaina, Japan da Koriya ta Kudu ja ne hawa, ku tsaya kan ƙa'ida ɗaya a manhajar duka.

Sannan yadda za a saki sabon shafin, don a nan ne mai kyau ma yake iya jawo zagi. Snapchat ta sauya fuska a 2018 mutane sama da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke a dawo da tsohuwar. Yatsan mutum ya riga ya haddace inda abu yake. Play Store yana ba ka damar sakin sabuntawa ga wani kaso na mutane tukuna, App Store ma yana da na kwana 7 a hankali, yi amfani da su, ka bar maɓallin komawa tsohon shafi na ɗan lokaci, kuma don Allah kada a saki a tsakiyar lokacin da kamfanoni ke fitar da sakamakon shekara, lokacin da kowa ke leƙowa.

Wanne ne naka

In manhajar bayanai ce zalla, ma'aikatanku ba su da yawa, masu amfani da ita talakawan masu hannun jari ne da ƙananan wayoyi, ɗauki jerin sa ido, ka ɗora siririn layi ɗaya a samansa mai nuna ma'aunin kasuwa da ko tana buɗe ko a rufe, ƙarƙashin jerin kuma sanarwa biyu ko uku da suka shafi kamfanonin da ke jerin mutumin kaɗai. Ni dai a nan nake tsayawa ga mafi yawan masu wannan tambayar, allon kasuwa da sauran labarai su koma shafi na biyu da na uku.

In masu amfani da ku 'yan jarida ne, manazarta, ɗalibai da ma'aikatan dillanci, allon kasuwa ne nasu, amma a ƙayyade akwatuna tun yau a rubuta a ajiye, duk wanda zai shigo sai wani ya fita.

In dama kuna da ɗakin labarai da marubuta masu albashi, ko burinku koyar da sababbin shiga da Hausa, labarai a gaba zai yi, da sharaɗin farashin kamfanonin da labarin ya ambata ya fito a jikinsa.

Jakar jari kuwa ta mai lasisin dillanci ce ko wanda ya riga ya ƙulla da dillali. In ba ka cikinsu, ka bar ta a matsayin shafi na gefe ga masu haƙurin shigar da bayanansu da hannu, ka sa ido ka ga mutum nawa ne suke cika ta har ƙarshe kafin ka yi tunanin matso da ita gaba.